Kalmar Da Ta Rage Wa Sa'idu

A Zongon Wagadugu babu direban da bai san ƙofar gidan Sa'idu Ɗan Malam ba. Mota ta taso daga Galmi da albasa, ko daga Ƙonni da kanwa, a nan mai ita yake ajiye haƙarƙarinsa. Shekara talatin Sa'idu yana wannan hidima, tun gidan yana Zangwatan kafin a rushe unguwar a watso mutanenta. Duk baƙon da ya tsaya a ƙofa, kafin ma a gaisa, kalma ɗaya yake fara ji daga bakin Sa'idu: "Sauka." Daga nan sai tabarma, sai ruwa, sai tuwo. In baƙo ya kwanta ciwo Sa'idu ne mai kai shi asibiti. In jandarma suka riƙe shi a kan takarda Sa'idu ne mai neman takalminsa ya tafi. In ya mutu Sa'idu ne mai likkafani. Mai wannan aiki shi ake kira Maigida a Zongo, kuma ba a naɗa shi da rawani, bakin mutane ne ke naɗa shi.

Ranar da hawan jini ya kayar da Sa'idu ya shanye masa ɓarin dama, motocin gidan guda takwas suka koma hannun ƙaninsa Razak. Razak ya yi lakwal, wato karatun boko, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, kuma ba a raina shi wajen aiki. Cikin wata uku ya gyara takardun motocin, ya buɗe ofis, ya buga kati mai ruwan zinariya da haruffa uku a ƙarƙashin sunansa, irin na manyan shugabannin kamfani. Direbobi suka tambayi yadda ake karanta su, aka gaya musu, suka lanƙwasa abin daidai bakinsu: Fedeje. Da farko sunan ya yi wa Razak daɗi. Sai da ya lura da wani abu daɗin ya fara tsami.

Kullum da safe matar Sa'idu, Iyatu, takan sa a fito da mijinta a zaunar da shi a kan bencinsa na ƙofar gida, da matashi a ɓarin da ya mutu. Likita ne ya ce a yi haka. Ya ce maganin da ya fi ƙwaya shi ne mutane, a yi ta yi masa hira, a riƙa kama shi yana taku, bakin zai iya dawowa. Ciwon ya kwashe wa Sa'idu magana kaf, ya bar masa kalma ɗaya tak, wadda ya fi furtawa a rayuwarsa. Ko ruwa yake so, ko gaisuwa yake amsawa, "Sauka" ce. Direbobi kuwa ba su ga wata nakasa a nan ba. In sun shigo sai su ɗaga wa Razak hannu daga nesa, "Fedeje, ina kwana," su wuce. Sai su tuɓe takalma, su durƙusa gaban mutumin da ko ƙuda ba ya iya korewa da hannun dama, su ce, "Maigida, mun sauka lahiya."

Wannan durƙuso shi ne ya hana Razak sakat. Ta tagar ofis yake kallonsu, biro a hannu, yana ƙirga kawunan da suka sunkuya. Shi ke fita tun asuba, shi ke fama da 'yan duwan masu karɓar harajin kaya a kan iyaka, shi ke sa hannu a kowace takarda, amma ba wanda ya taɓa tuɓe masa takalmi. Kishi ne ƙarara, irin wanda mutum ke jin kunyar gaya wa kansa sunansa. Razak sai ya sa masa suna tsarin aiki.

Wata Alhamis da hantsi ya dawo daga wani taro a unguwar manya ta Waga 2000 cikin sabuwar motarsa baƙa. Ƙofar gida cike take, motoci uku sun iso tare. Ya tsaya daidai benci, ya sauke gilashi, yana waya. Sa'idu ya ɗago kai ya dubi ƙaninsa, fuskarsa ta saki, ya ce da ƙarfi, tar, yadda bai taɓa furtawa ba tun da ya kwanta:

"Sauka."

Wurin ya kaure da murna. Aliyu Sani, wani tsohon direba ɗan Ƙonni wanda ya fi shekara ashirin yana sauka a gidan, ya tafa hannu yana dariya. "Fedeje, ka jiya? Maigida ya ce ka sauka."

Aka sake fashewa da dariya. Dariyar farin ciki ce, don bakin mara lafiya ya fita sarai. Amma kunnen mai kishi ba ya jin abin da aka faɗa, abin da yake tsoro yake ji. A kunnen Razak, a gaban ma'aikatansa yayansa ya ce masa ya sauka daga kujera, su kuma sun tafa. Ya ɗaga gilashi, ya shigar da motar ciki, ya daɗe bai fito ba.

Da la'asar ya sami Iyatu a madafa tana tuƙa tuwon baƙi a babbar tukunya.

"Yaya Iyatu, daga gobe ba za a ƙara fitar da Yaya ƙofar gida ba."

Ta tsayar da muciya. "Saboda me?"

"Ƙura, ƙudaje, hayaƙin mota. Mutum mara lafiya ne. Na sa a gyara ɗakin baya, za a sa masa kilimatizer, injin sanyi. Zai huta."

"Razak, likita cewa ya yi a bar shi cikin mutane."

"Likita bai ga yadda yawu ke zuba masa a gaban jama'a ba. Mutuncinsa nake karewa. Bon, kuma mutanen banki suna zuwa nan yanzu. Ba zai yiwu abin da za su fara gani a ƙofar kamfani ya zama wannan ba."

"Wannan?" in ji Iyatu. "Yayanka ne wannan?"

Ya duba agogonsa ya fita.

Ɗakin baya ya yi kyau, ba a ce ba. An shafa masa farin fenti, an sa gado mai ƙarfe, injin sanyi yana gurnani dare da rana. Taga ɗaya ce, kuma katanga take kallo. Duk wanda ya tambayi Razak lafiyar yayansa, da injin sanyin yake fara ba shi amsa. A masallaci ma ya faɗa. Mutane suka ce Allah ya yi masa albarka, ƙane na gari, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana karɓa.

Washegari direbobi suka zo suka tarar babu benci. Suka nufi cikin gida, mai gadi ya ce an hana. Aliyu Sani ya shiga ofis, hularsa a hannu.

"Fedeje, mun taho gaida Maigida, an ce ba shiga. Mi ya hwaru?"

"Likita ya hana hayaniya," in ji Razak, idonsa a kan takarda. Ƙaryar ta fita sumul, har shi kansa ya yi mamaki.

"To ko mutum guda-guda? Mu gaishe shi mu hita."

"Malam Aliyu, nan kamfani ne yanzu. Kowa da aikinsa. In ya samu sauƙi za a sanar da ku."

Aliyu Sani ya juya hular a hannunsa, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya fita. Razak ya bi bayansa da kallo yana jira ya ji daɗin nasara. Abin da ya ji kawai shi ne tsohon ya tsaya a tsakar gida, ya fuskanci ɓangaren ɗakin baya, ya ɗaga murya ya ce, "Maigida, mun sauka lahiya," sannan ya sa takalminsa. Ashe a tuɓe ya shigo da su tun daga ƙofa, kuma ba don ofis ya tuɓe ba.

Daga nan abubuwa suka bi juna. Zauren da baƙi ke kwana aka mayar da shi wurin jiran manyan baƙi, da kujerun fata da furen roba. Babbar tukunyar Iyatu aka kife ta, wai kamfani ba gidan abinci ba ne, kowane direba ya nemi masauki a gari. Da jandarma suka riƙe wani direba a hanyar garin Fada kwana biyu, aka kira Razak, ya ce wannan ba hurumin shugaba ba ne, a nemi lauya. Ramalan ne ya tafi, wani tsohon yaron motar Sa'idu da ya kafa nasa gidan a unguwar Wemtenga da motoci biyu kacal. Ya kwana can ya dawo da mutumin. Da labarin ya zo wa Razak, bai tambayi lafiyar direban ba. Tambayar da ya yi ita ce, "Me suke kiran Ramalan ɗin a can?" Aka ce Ramalan suke ce masa. Ya ɗan saki ajiyar zuciya.

A ɗakin baya kuwa Sa'idu yana ta raguwa. Makon farko, duk sanda ya ji ƙarar babbar mota a waje sai ya yunƙura, ya dubi ƙofa, ya ce "Sauka." Ba mai shigowa. Yakan faɗa wa Iyatu in ta kawo kunu, yakan faɗa wa inuwar da ta gifta ta ƙarƙashin ƙofa. Iyatu ita kaɗai ba ta iya ɗaga shi, mazan da ke kama shi yana taku kuma an hana su shiga, sai ƙafar da ta fara motsi ta koma ta sandare. Sanyin injin ya shiga ƙasusuwansa. Bayansa ya fara gyambo saboda kwanciya. Wata na uku ya daina juyowa in mota ta tsaya. Wata na biyar kunun ma sai an yi da gaske yake haɗiye cokali uku.

Iyatu ba ta yi shiru ba. Ta tare Razak a ƙofar ofis, ya ce yana da taro. Ta tare shi wajen mota, ya ce zai turo mai jinya, kuma ya turo, wata yarinya mai farin kaya da ba ta jin Hausa, tana zuwa ta auna jini ta rubuta ta tafi. Ta aika wa limamin unguwa, liman ya zo, Razak ya zagaya da shi ya nuna masa injin sanyi da kwalayen magani jere a kan tebur, liman ya fita yana sa albarka. Kowane uzuri na Razak yana da takarda da shaida. Abin da Iyatu ke nema kuwa benci ne da mutane, ba shi da takarda.

Sau ɗaya Razak ya shiga ɗakin a cikin wata shida, shi ma don Iyatu ta riƙe masa hannun riga ne a tsakar gida da rana tsaka, ta ce ba za ta saki ba sai ya shiga. Ya tsaya daga bakin ƙofa. Warin magani da na gyambo ya buge shi. Mutumin da ke kan gadon ya zama rabin wanda ya sani. Sa'idu ya juyo da ido a hankali, ya gane shi, leɓensa ya yi ta rawa. Da ƙyar abin ya fito, kamar raɗa.

"Sauka."

Hannunsa na hagu, mai rai, yana dafa gefen katifa, yana nuna wurin zama.

Razak ya ga hannun. Na rantse ya gan shi. Amma wata shida yana ciyar da abin da ke cikinsa, ya riga ya fi ƙarfinsa.

"Ba zan sauka ba, Yaya," ya ce. "Ka yi zamaninka. Shekara talatin ana Sa'idu, Sa'idu, ni ina ƙanin Sa'idu. Yanzu ni ke ɗauke da gidan nan. Se fini, magana ta ƙare."

Iyatu ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. "Razak, ka san abin da yake nufi. Ranar da ka dawo daga karatu da akwatinka, me ya ce maka a ƙofa? Ranar da ka kawo amaryarka, me ya ce mata? Wuri yake ba ka."

"Na sani," in ji Razak. Ya juya baya, sannan gaskiyar ta kufce masa. "Ko motsi ba ya yi, amma ya fi ni. Ke ba ki ga yadda suke durƙusa masa ba?"

"To ka ciyar da su mana. Ka je ka fito da su in an kama su. Ka wanke gawarsu. Wa ya hana ka?"

Wannan ita ce tambayar da Razak bai taɓa amsawa ba, don amsar ba ta da daɗi. Durƙuson yake so, ba ya son abin da ake yi a samu durƙuson. Ya fita ya ja ƙofa. A bayansa hannun Sa'idu ya daɗe a kan gefen katifar kafin ya zame.

A wata na goma aka zaɓi Razak shugaban wata ƙungiyar masu motocin kaya. Ya yi wata biyu yana bin mutane gida-gida saboda wannan kujera, ya san sunan 'ya'yan kowane mai ƙuri'a. Aka yi bikin a wani otal a Waga 2000, ranar Asabar da safe. Ya hau mumbari cikin shadda mai ɗaukar ido, ya yi jawabi da Faransanci mai daɗi. Ya ce shugaba uba ne. Ya ce shugaba bawan mutanensa ne. Ya ce shi a gidan karamci ya tashi, a hannun yayansa, wanda a yanzu haka yake jinyarsa da hannunsa. A nan muryarsa ta karye, aka yi tafi mai tsawo. Aka rataya masa ɗamara mai launi a kafaɗa, aka yi ta ɗaukar hoto.

Bayan azahar ya dawo Zongo da ɗamarar a jikinsa, don yana so direbobi su gani. Ya tarar da ƙofar gida wayam. Mai gadi ya miƙe yana sosa ƙeya. Ya ce tun da hantsi Hajiya Iyatu ta buɗe ƙofar baya da kanta, direbobi shida suka shigo suka ɗauki Maigida a kan katifarsa. Sun tafi da tsohon bencin da ke jingine a bayan ɗakin ajiya, sun tafi da babbar tukunya. Wemtenga suka nufa, gidan Ramalan.

Abin da ya fara zuwa zuciyar Razak ba tsoron halin da yayansa ke ciki ba ne. Ramalan ne ya zo masa. Yaron mota, mai motoci biyu, shi za a ce ya ɗauki Maigida. Ya koma cikin mota ya ja ta da ƙarfi, yana shirya maganganun da zai faɗa a hanya, har da batun 'yan sanda.

Tun daga kan kwana ya gane gidan. Manyan motoci huɗu a jere a bakin titi, uku daga ciki nasa ne. Tabarmi shimfiɗe a inuwar katanga, takalma tuli a gefe, hayaƙin itace yana tashi daga cikin gida. A ƙofa ga bencin nan, ga Sa'idu a kansa an tokare shi da matasai ta ko'ina, an lulluɓe ƙafafunsa da zane. Mutane sun kewaye shi, wani yana ba shi labarin hanya, wani yana matsa masa hannu. Iyatu na tsaye a bayansa da kofi.

Razak ya tsaya daidai benci ya sauke gilashi. Hira ta tsaya. Ba wanda ya yi masa kallon banza, ba wanda ya tashi. Maganganun da ya shirya suka watse, don ya ga yayansa a hasken rana, ya ga abin da wata goma suka yi. Wuya kamar sillen kara, idanu sun faɗa. Sa'idu ya ɗago kai da ƙyar ya dube shi. Ya gane shi, babu shakka. Leɓensa ya motsa.

Razak ya samu kansa yana jira. Ya kashe waya, ya kama marfin mota da hannu, ya ɗan buɗe. Kalmar da ya rufe mutum a ɗaki saboda ita, yanzu ita yake roƙo da idanunsa. Leɓen ya motsa, ya sake motsawa. Iska ce kawai ta fito.

Aliyu Sani ya taso ya zo jikin motar, ya yi magana a hankali, ba da faɗa ba.

"Fedeje, barka da samun kujera. Kada ka wahal da kanka da jira. Hajiya ta ce sati shida ke nan bai ce komi ba. Mun zo da shi nan ko Allah ya sa ta dawo, amma tun sahe muke shiga muna hita gabanshi, bai ce da kowa ba."

"To ku," in ji Razak, muryarsa ta yi ƙasa, "ba wanda zai ce in shigo?"

"Mu baƙi ne, ba mu da wannan baki. Ramalan kuwa ya ce muddin Maigida na bisa bencin ga, ƙohwar tashi ce. Shi ka cewa a sauka."

Irin su Razak suna da yawa a garin nan, kuma ba duka ne mugaye tun asali ba. Suna hango mutum ana girmama shi, sai su ɗauka kujerar ce ake girmamawa, su kashe kansu wajen neman kujerar. Ba sa ganin tukunyar da ke bayan gida, ba sa ganin sawun da aka yi zuwa asibiti da ofishin jandarma da maƙabarta. In sun hau suka ga ba a durƙusa ba, sai su nemi wanda za su ɗora wa laifi, kuma na kusa da su, wanda ba ya iya kare kansa, shi ke fara sha. Razak bai doki yayansa ba, bai hana shi magani ba, kowa shaida ne. Mutane kawai ya hana shi, alhali su ne abin da ya rage masa.

Aliyu Sani ya koma kan tabarma. Aka fito da tuwo a manyan kwanoni, aka fara wanke hannu. Iyatu ta sunkuya tana goge wa mijinta baki da gefen mayafinta, ba ta dubi titi ba. Razak yana zaune a motarsa, ɗamara a kafaɗa, marfi a buɗe, ƙafa ɗaya a waje ba ta taɓa ƙasa ba. Har aka kira sallar la'asar yana nan, ba wanda ya ce masa ya sauka.